Laraba: tsakanin tebur biyu

Tun kafin ƙarfe goma na safe na gane cewa yau ba ranar aiki zalla ba ce. Abokan aikina biyu, dukansu mata, dukansu kuma masu bin Almasihu, sun sami saɓani tun jiya a kan wani rahoto da ya isa hannun shugabanmu da kurakurai, kowacce tana ɗora wa 'yar'uwarta laifin. Teburina yana tsakanin nasu, don haka duk takardar da ɗaya za ta ba ɗaya ta hannuna take bi, ba tare da sun dubi juna ba.

Da lokacin hutu ya yi, babbar ta jawo kujera kusa da ni, ta rage murya, ta fara zazzage abin da ke cikinta. Ta kira ƙaramar malalaciya, ta ce ba ta ganin kowa da gashi, ta kuma tono wasu abubuwa na bara waɗanda na ɗauka sun daɗe da wucewa. A tsakiyar maganar, tana juya murfin alƙalaminta a hannu, sai ta ce, "Yarinyar tana da ƙwazo fa, shi ya sa abin ya fi yi mini zafi." Ban tsammanin ta lura ta faɗi haka ba, amma ni na riƙe. Da ta numfasa na ce mata, "Yaya, na ji ki, kuma na ga ranki ya ɓaci ƙwarai. Amma ita kin faɗa mata?" Ta ce ba za ta zubar da girmanta ba, ta tashi.

Umarnin Ubangiji Yesu a Matiyu 18:15-17 bai bar wurin kwana-kwana ba: wanda aka yi wa laifi ya je ya sami ɗan'uwansa su biyu kaɗai, sai in hakan ya ci tura a nemi mutum ɗaya ko biyu, a ƙarshe kuma ikilisiya. Mu kan juya wannan tsari, mu fara da kowa da kowa, mai laifin ya zama na ƙarshen ji. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka iya sa wa gulma rigar ibada, mu ce "ku taya ni da addu'a a kan wance," sa'an nan mu bi da cikakken tarihin laifofinta.

Bayan azahar ƙaramar ta same ni ni kaɗai a wurin injin buga takardu. Idanunta sun yi ja. Ta ce, "Yaya, na ga ta zauna wurinki. Don Allah me ta ce a kaina?" A nan ne ranar ta yi mini nauyi, domin ce mata "ba ta ce komai ba" ƙarya ce, maimaita mata kalmomin kuwa gaskiya ce wadda ba za ta haifar da komai ba sai gaba.

Abin da ya zo zuciyata shi ne halin Monika, mahaifiyar Agustin wanda ya zama bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Ta rasu a shekara ta 387, kuma a cikin abin da ɗanta ya rubuta game da ita akwai wannan: idan mata biyu masu gaba suka zo mata, kowacce ta amayar da ɗacin zuciyarta a kan ɗayar, Monika ba ta kai wa kowacce komai sai abin da zai taimaka su shirya. Agustin ya lissafa wannan cikin manyan baiwar da Allah ya yi mata. Na daɗe ina ganin abin ƙarami ne har sai da na tsaya a gaban mai tambaya tana jiran amsata.

Na ce mata, "Ƙanwata, ta yi magana, kuma ranta a ɓace yake. Ba zan maimaita miki ba, kamar yadda ba zan kai mata abin da za ki faɗa mini yanzu ba. Abu ɗaya zan gaya miki, domin da kunnena na ji shi: ta ce kina da ƙwazo, kuma shi ya sa abin ya yi mata zafi." Ta tsaya tana daidaita gefen takardun da ke hannunta, ko da yake a daidaice suke. Can ta ce, "Ita ta faɗi haka?" Na ce ita ta faɗa.

A hanyar komawa gida na yi ta auna ko zaɓen abin da zan faɗa ba wani nau'in ruɗi ba ne. Ban ga haka ba, tun da na gaya mata a fili cewa akwai abin da na riƙe, kuma ban ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da aka faɗa ba. Littafin Firistoci 19 ya jera abubuwan kusa da juna: aya ta 16 ta hana yawo da tsegumi, ta 17 ta ce ka tsauta wa maƙwabcinka a fili kada ka ƙi shi a zuci, ta 18 kuma ita ce ta ƙaunar maƙwabci kamar kanka. Shirun yana da iyaka, domin aya ta 16 ɗin ta kuma hana mutum tsayawa yana kallo alhali ran maƙwabcinsa yana cikin haɗari. Da a ce babbar tana ƙulla yadda za a kori yarinyar da sharri, da yin shiru ya zama haɗa baki. Abin da na ji yau fushi ne, fushi kuwa yakan huce idan ba a sami mai hura shi ba, kamar yadda Karin Magana 26:20 ta ce wuta takan mutu in babu itace.

Da dare maigidana ya tambaye ni yadda aiki ya kasance, labarin kuwa yana bakina da zafinsa. Posidiyus, wanda ya rubuta tarihin Agustin bayan rasuwarsa a 430, ya ce an rubuta gargaɗi a teburin cin abincinsa cewa mai cin naman wanda ba ya nan ba shi da wuri a teburin, har ya taɓa ce wa wasu bishop 'yan'uwansa ko a goge rubutun daga teburin ko ya tashi ya bar musu abincin. Ni dai na gaya wa maigidana cewa akwai saɓani tsakanin mutum biyu a ofis, muka sa su a addu'ar dare ba tare da ƙarin bayani ba.

Ranar Juma'a ake son gyararren rahoton, kuma dole su biyun su zauna a kansa. Kafin mu tashi ƙaramar ta ce za ta nemi babbar gobe da sassafe, kafin sauran ma'aikata su iso, ta kuma tambaye ni ko zan zauna tare da su. Na ce mata ta fara zuwa ita kaɗai, in ya so ta kira ni idan maganar ta ƙi.