Mutum na uku daga bayan liman

Shekaruna talatin da huɗu lokacin da na sake riƙe fensir da niyyar jarrabawa. Aikina a kasuwar Mile 12 da ke Legas rubutu ne. Mota ta iso daga Aliero ko Sakkwato da albasa, ni ke tsayawa da littafi ina ƙirga buhunan da 'yan dako ke saukewa, in rubuta na wane ne, nawa aka sayar, nawa ya tafi bashi. Lissafin kuɗi ba ya ba ni tsoro, ko daga barci ka tashe ni zan faɗa maka kuɗin buhu arba'in da bakwai. Takarda ce ba ni da ita. A aji uku na sakandare na bar makaranta a Funtuwa, kuma duk inda na leƙa neman ci gaba sai a ce ina sakamakon WAEC. Shi ya sa na yi rajistar jarrabawar 'yan waje, wadda kowa ke kira GCE, na kuma shiga lesin na dare a Agege, inda nake zaune a gidan yayana.

Komai na tafiya daidai har muka zo kan graf. Malamin ya ja layi biyu a allo, ɗaya kwance ɗaya tsaye, ya ce na kwancen shi ne x, na tsayen shi ne y, kuma kullum x ce ke zuwa farko a cikin baka. Na haddace kamar karatun allo. Da aka ba mu aikin gida aka ce mu zana layin x = 3, sai na ce wannan ai kyauta ce. Tunda x ce mai kwance, na kwantar da rula, na haura gida uku, na ja layi daga hagu zuwa dama, har ina yaba kyan hannuna. Washegari takarda ta dawo da jan biro.

Ɗiyar yayana tana aji biyu na babbar sakandare. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka Ummi muke ce mata. Ta same ni a tabarma bayan isha'i na tasa takardar a gaba ina kallo. An ce gemu ba ya hana ilimi, amma ba wanda ya ce ba ya jin kunya. Na so in tura takardar ƙarƙashin littafi, sai dai ta riga ta gani.

"Baffa, sannu da ƙoƙari. In duba?"

Na miƙa mata. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Baffa, in aka ce x, me kake fahimta?"

Na ce, "Layin kwance mana."

"Wannan sunan layin ne. Lambar fa? Ukun nan, ukun mene ne?"

Ban da amsa. Ta karɓi fensir ta ɗiga ɗigo uku, ɗaya can sama, ɗaya daidai kan layin kwancen, ɗaya can ƙasa, kowanne a saitin ɗan'uwansa. Ta ba ni rula ta ce in auna nisan kowanne daga layin tsaye, in riƙa aunawa a kwance. Na farko santimita 6, na biyu 6, na uku ma 6, wato manyan gidaje uku-uku. Ta ce, "To duk ukunsu x ɗinsu uku ne. Nisa take faɗa, Baffa. Nisanka daga layin tsaye, ko ka yi dama ko ka yi hagu. Ba ruwanta da ko kana sama ko kana ƙasa." Na gyaɗa kai irin na manya, amma gaskiya rabi na gane.

Sauran rabin a masallaci ya same ni, kwana biyu bayan nan. Na iso magariba ana tayar da iƙama, na samu wuri a sahu na huɗu. Kowa ya san yadda sahu ke cika: wani ya tsaya daidai bayan liman, sauran su jeru dama da hagunsa. Ana cewa a daidaita sahu, na duba hagu don in saita kafaɗa, sai na lura ni ne na uku daga wanda ke saitin liman. Na ɗaga ido. Wanda ke gabana shi ma na uku ne a sahunsa, na gabansa ma haka, har sahun farko. Mu huɗu sahunmu daban-daban, amma nisanmu daga saitin liman ɗaya ne, kuma ƙeyoyinmu sun yi layi miƙaƙƙe zuwa alƙibla, layin da ya ratsa sahu-sahu bai kwanta tare da su ba. Ashe wannan shi ne x = 3. Layin da na zana a takarda sahu guda ne, mutanen da suka yi tarayya a y. Na yi istigfari na kori lissafi kafin kabbara, amma ana sallamewa na yi gida da sauri.

Da na ba Ummi labari sai da ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce misalin ya yi, sai dai in tuna sahu a bayan liman yake, don haka idan liman ne sifili kuma jama'a na fuskantar saman takarda, sahu-sahun za su sauka ƙasa, y ɗinsu ta zama mainos. Ta ce amma wannan rigimar y ce, mu x muke bi.

Daga wannan misalin na gano wani kuskure da na daɗe ina yi ban sani ba. Wanda ke saitin liman ba shi ne na ɗaya ba, sifili ne. A kasuwa buhun farko da aka sauke shi ne ɗaya, hannuna ya saba da haka shekara da shekaru. A graf kuwa layin da ka fara tsayawa a kai ba a ƙirga shi, tazarar da ke tsakanin layuka ake ƙirgawa. Ni kuwa da na ɗora bakin fensir a kan layin tsaye sai in ce ɗaya, don haka duk ɗigona yakan gaza da gida guda. Shi ya sa ma duk ɗigon da ke zaune a kan layin tsaye x ɗinsa sifili ne, komai tsayinsa. Da na riƙa rikita (0, 4) da (4, 0). Yanzu ina ganin sifili a farko na san ba inda zan matsa, ko dama ko hagu.

Mainos bai wahalar da ni sosai ba, don mai rubuta bashi ya san abin da ke ƙasa da sifili. Abin da na yi kawai shi ne na jera tashoshin jirgin ƙasan nan na Legas da ake kira Jan Layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024. Na sa Agege sifili. Ikeja 1, Oshodi 2, Mushin 3, Yaba 4, Oyingbo 5. Ta ɗaya ɓangaren Iju −1, Agbado −2. Nan na ga da idona cewa −2 ta fi −1 nisa zuwa hagu. Ummi ta ce misalin yana da gurgunta, don tazarar tashoshin ba ɗaya ba ce, alhali a graf dole nisan 1 zuwa 2 ya zama daidai da na 4 zuwa 5. Gaskiyarta ce.

Maganar tazara ita ta kai mu ga ma'auni, kuma a ganina nan ne maki ya fi zubewa. Takardar graf da muke amfani da ita, kowane babban gida santimita 2 ne, kuma a cikinsa akwai ƙananan gidaje goma. Tambayar jarrabawa takan faɗa maka ma'aunin da za ka bi, kuma sau da yawa na kwance daban, na tsaye daban. Idan aka ce santimita 2 ya tsaya a madadin 1 a layin kwance, kowane ƙaramin gida 0.1 ne, don haka x = 2.5 ƙananan gidaje 25 ne daga layin tsaye. Idan a layin tsaye aka ce santimita 2 a madadin 5, ƙaramin gida 0.5 ne a can. Na sha ɗaukar ƙimar gidan y in auna x da ita. Maganin da na samo shi ne kafin in ɗiga ko ɗigo ɗaya, sai na rubuta ƙimar ƙaramin gida da fensir a gefen kowane layi. Ba ya cin minti ɗaya.

Wani dare na tambayi Ummi wa ya ƙirƙiro wannan wahala. Muka duba a wayarta. Wani Bafaranshe ne, Rene Dekart, wanda a 1637 ya fitar da rubutun da ya haɗa aljabara da ilimin zane, kuma daga gare shi aka gaji al'adar sa x da y da z a madadin abin da ba a sani ba. Abin da ya fi burge ni shi ne tsohon sunan da masana ke kiran lambar x da shi, absisa, daga kalmar Latin mai nufin abin da aka yanke. Wato guntun da aka yanko daga layin kwance, daga sifili zuwa saitin ɗigon. Da tun ranar farko aka ce mini yanki ne ake aunawa kamar yadda mai yadi ke yanka, da ban ɓata sati biyu ba.

Ranar da na tabbatar abin ya zauna ita ce ranar da na zana y = x² − 2x − 3, daga x = −2 zuwa 4. Na cika jadawali: 5, 0, −3, −4, −3, 0, 5. Na ɗiga bakwai ɗin, kowane sai na fara tafiya a kwance tukuna, in tsaya, sannan in hau ko in sauka. Ummi ta zaro tsinken tsintsiya ta lanƙwasa shi a kan ɗigon tana riƙe da bakinsa biyu, ni kuma na bi gefensa da fensir, zanen ya fito kamar ƙwarya. Tambayar ta ce a nemo inda y ta zama sifili. Na duba inda ƙwaryar ta ratsa layin kwance, na karanta −1 da 3. Gindinta kuma ya sauka a x = 1, daidai tsakiyar waɗancan biyun, taku biyu daga kowanne. Ba wanda ya faɗa mini haka zai kasance, a takardar na gani, kuma na daɗe ina kallonsa.

A nan ne kuma na fahimci dalilin da ya sa x ke zuwa farko a jadawali. Ita kake zaɓa, ko ita ke tafiya da kanta, y kuma ta biyo da abin da ya faru. Na ɗauko tsohon littafina na kasuwa na gwada: watanni a kwance, kuɗin buhu a tsaye. Layin ya yi ta hawa wajen ƙarshen shekara lokacin da tsohuwar albasa ke ƙarewa, ya gangaro da sabuwa ta rani ta shigo. Duk ɗan albasa ya san wannan a ka, amma da na nuna wa maigidana sai da ya sa tabarau. Ya ce, "Kai, wannan ramin wane wata ne?" Na sauke yatsa daga ramin zuwa layin kwance na karanta masa.

Wuri ɗaya ne dokar "x farko" ta yaudare ni. Wani direba ya ce in tura masa inda nake, na danna Google Maps, sai ga lambobi biyu, wajen 6.6 da 3.3. Na ce wa Ummi ga x ɗin Agege nan, 6.6. Ta ce a'a, taswira tana fara kawo nisa daga ikwaita ne, layin da ya raba duniya gida biyu a kwance, wato arewa ko kudu, sannan gabas ko yamma ya biyo. Ta biyun ce mai aikin x. Layin tsayen duniya shi ne wanda ya ratsa Girinic a Landan, ya gangaro ya bi ta Tema a Gana, kuma Legas tana digiri uku da ɗoriya a gabas da shi. Kano na wajen 8.5, Dakar kuwa tana yamma, don haka tata mainos ce, wajen −17. Na ce to me ya sa ba za su shirya kansu su bi tsari ɗaya ba? Ta ce in je in tambaye su.

Daren jajibirin jarrabawar lissafi, ina feƙe fensir biyu ina haɗa rula da kilina a leda, ta leƙo daga ƙofa.

"Baffa, (0, −5) ina yake?"

Na ce, "Saitin liman, sahu na biyar."

"(−2, −1) fa?"

"Sahun farko, mutum na biyu ta hagu. Wurin ladan ne in ya makara."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Baffa," ta ajiye mini tsinken tsintsiya biyu a kan ledar.