Tallar Fim Ta Bar Jarida, Ta Bar Shagona

Ina da ɗan shagon ɗab'i a wajajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, kuma tallar fim ce ta kafa shi. A da, dillalan kaset sukan sari kaya a Ƙofar Wambai da Bata a Kano, su zo wurina in buga musu fosta. Mai ɗan ƙarfi a cikinsu, ko furodusa ɗan gida, sai ya ce in tsara masa talla a kai jarida ko mujalla, ni kuma in ci la'adata.

Gurbin nan na talla yana da tsari. Hoton jarumi da jaruma a sama, sunan kamfani, ranar fitowa da manyan baƙaƙe, sannan jerin shagunan da za a samu kaset a Kano, Kaduna, Katsina da Funtua. Ranar nan ita ce ginshiƙin tallar. Idan aka yi kuskure a cikinta, an yi asarar kuɗin shafi gaba ɗaya, shi ya sa nakan sa yaro ya karanta mini da ƙarfi kafin a aika. Tun zamanin da ake kallon Indiya da Canis a silima haka abin yake, mutum ya buɗe jaridar New Nigerian ya ga abin da za a haska da daddare. Da mujallar Fim ta fito a 1999, sai yawancin tallar fim ɗin Hausa ta koma can, domin masu saye sun fi taruwa a wurin.

Ana cewa Facebook ne ya kashe wannan talla. A ganina kasuwar ce ta riga mutuwa. CD ya ture kaset, masu satar fasaha suka cinye CD, sannan masu tura fim a waya suka ƙarasa shi. Wanda bai mayar da uwar kuɗinsa ba, da me zai sayi rabin shafi? Arewa24 ta zo a 2014, daga baya shirye-shirye masu dogon zango suka cika YouTube. Abin da ke fitowa kowane mako a tasha ɗaya ba ya neman a faɗa wa mutane shagon da za su je. Jarumi ya ɗora sanarwa a shafinsa da safe, kafin azahar ta zaga gari, ko sisi bai biya ba.

Abin da ke damuna shi ne tarihi. Tsohuwar jarida tana nuna wanda ya shirya fim da watan da ya fita. Abin da aka ɗora a waya, ana rufe shafin ya tafi.

Yanzu injina katin biki da kalandar Islamiyya yake bugawa, sai fostar 'yan takara idan kakar zaɓe ta kama. Yaran da na koya wa tsara tallar fim, har gobe fosta suke haɗa wa furodusoshi, amma a kwamfuta take ƙarewa, su tura ta WhatsApp a biya su ta banki.