Alhamis, 27 ga Fabrairu 2025: ina za a ajiye kirifto bayan satar Bybit?

Yau kwana shida da satar da aka yi wa Bybit, kasuwar musayar kirifto, kuma sai jiya aka fitar da rahoton binciken yadda aka yi ta. Tun bayan sallar asuba nake kansa. Tambayar da ta cika guruf-guruf na WhatsApp da Telegram a makon nan ɗaya ce: kuɗin da ke walat na intanet suna cikin aminci, ko a kwashe? Ba ta amsuwa da i ko a'a, don haka na ba ta yinin yau.

Ranar Juma'a 21 ga wata aka kwashe ETH, kuɗin kirifto na Ethereum, kusan 401,000, wajen dala biliyan ɗaya da rabi, kuma kafin nan ba a taɓa jin satar kirifto mai girman haka ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne daga ma'ajiyar da makullanta ba sa kan intanet aka ɗebe su, wadda sai mutum fiye da ɗaya sun sa hannu kafin ko sisi ya fita. Ɓarayin ba su saci makullin kowa ba. Kwamfutar wani ma'aikacin Safe suka kutsa, kamfanin da Bybit ke amfani da shafinsa wurin sa hannu, suka sauya rubutun shafin ta yadda ba zai nuna halinsa ga kowa ba sai ga walat ɗin Bybit kaɗai. Masu sa hannu suka ga adireshi daidai a allon kwamfuta, alhali abin da aka tura wa na'urorinsu umarni ne na sauya dokar da ke tafiyar da ma'ajiyar gaba ɗaya. Suka sa hannu, har da shugaban kamfanin, Ben Zhou. Jiya hukumar FBI ta Amurka ta ce aikin masu kutsen Koriya ta Arewa ne.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Tun da Binance ta daina hulɗa da naira a Maris 2024, 'yan P2P (masu saye da sayar da kirifto tsakanin mutum da mutum) da yawa a Kano da Kaduna da Abuja can Bybit suka koma. An yi sa'a kamfanin bai rufe cire kuɗi ba, kuma ya cike giɓin cikin kwana uku ta hanyar rance da sayen wasu ETH ɗin. Amma sa'a ce, ba haƙƙi ba ne da wata doka ta tanadar wa mai ajiya.

Abu biyu ne muke kira walat, kuma haɗa su wuri ɗaya ne ke rikita mutane. Na farko asusu ne a kasuwar musaya irin su Bybit, Binance, OKX ko Bitget. A nan makulli yana hannun kamfani, lambar da kake gani a allo kuwa bashi ne da kake bin su. Idan banki ya rushe a Najeriya, hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, na biyan mai ajiya har naira miliyan 5. Kasuwar kirifto ba ta da wannan. Mt. Gox ta Japan ta durƙushe a Fabrairu 2014 da bitcoin kusan 850,000, masu ajiya ba su fara karɓar bitcoin ɗinsu ba sai Yuli 2024, shekara goma. FTX ta rufe a Nuwamba 2022, ita ba kutse ne ya kayar da ita ba, masu ita ne suka ci amanar kuɗin jama'a, har aka yanke wa shugabanta, Sam Bankman-Fried, ɗaurin shekara 25.

Na biyu shi ne irin su Trust Wallet, MetaMask, Phantom, Tonkeeper da walat ɗin Pi. A nan makulli yana cikin wayarka, ba kamfanin da zai rufe maka, ba kuma wanda zai dawo maka da kuɗi idan suka fita. Kuɗin kansu ba a wayar suke ba, suna rubuce a bulokcen, kundin intanet da ke riƙe da lissafin duk hada-hadar kirifto. Abin da ke hannunka kalmomi ne 12 ko 24 da aka zaɓo daga jerin kalmomi 2,048, kuma daga su ake fitar da duk makullanka. Ba a iya cankarsu, ko da an haɗa kwamfutocin duniya. Shi ya sa ɓarawo ba ya wahalar da kansa da canka, nema yake ka ba shi da hannunka. Duk wanda ya samu kalmomin zai buɗe walat ɗin a tasa wayar, ko yana wace ƙasa, lambar sirrin da ka sa wa manhaja da zanen yatsanka ba za su tare shi ba, domin wayarka kaɗai suke tsarewa.

Nan ne na fi jin tsoro ga 'yan baiwa, masu tara kirifto kyauta ta waya. Mako guda ke nan da Pi ta fashe, wato aka fara cinikinta a kasuwa, ranar 20 ga wata, kuma mutanen da suka yi shekaru suna mainin yau ne karon farko da kalmominsu 24 suka zama kuɗi. Shafukan bogi sun yi yawa: wannan ya ce zai buɗe maka Pi ɗin da aka kulle, wancan ya ce zai hanzarta maka tantancewa, wani ya ce kyauta ake rabawa. Dukansu akwati ɗaya suke nunawa, a zuba kalmomi. Wurin da ake shigar da kalmomin Pi guda ne, walat ɗin da ke cikin Pi Browser. Haka kowane walat: ba ma'aikacin kamfani na gaskiya da zai nemi kalmominka, kuma ba zai fara yi maka magana ta akwatin sirri ba.

Ajiye hoton kalmomin a waya ma ya tashi daga lafiya. A farkon watan nan kamfanin tsaron kwamfuta Kaspersky ya bayyana wata muguwar manhaja da ya kira SparkCat, wadda aka samu a ɓoye cikin wasu manhajoji a Google Play har da App Store. Izinin ganin hotuna take nema, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karanta rubutun ciki, ta tura duk wanda ya yi kama da kalmomin walat. Ajiye su a Gmail, ko a saƙon da mutum ya tura wa kansa a WhatsApp, ko a manhajar rubutu, duk hukuncinsu ɗaya. Waɗanda suka adana nasu a LastPass, manhajar ajiye kalmomin sirri, sun gani bayan kutsen da aka yi mata a 2022, an yi ta kwashe musu kuɗi watanni bayan nan. A ƙara da mai gyaran waya da mai cajin waya a kasuwa: ba zargin kowa nake ba, amma wayar da ke ɗauke da walat ba a miƙa ta a buɗe.

Bayan azahar na zauna na tsara yadda nake ganin ya kamata a raba kuɗi. A kasuwar musaya a bar na juyawa kawai, abin da za a saya ko a sayar cikin kwanakin nan. A cire tabbatarwa ta SMS, domin wanda ya yi nasarar sauya layinka ya karɓi lambobinka, a koma manhajar da ke fitar da lamba shida duk daƙiƙa 30, irin Google Authenticator. Tun 2023 tana iya kwafe lambobin zuwa asusun Google, to duk wanda ya bar wannan a kunne ya san tsaron kuɗinsa ya rataya ne a kan Gmail ɗinsa. A buɗe imel na daban don asusun kasuwar kaɗai. A kunna jerin adireshin da aka yarda a tura musu kaɗai, tare da jinkirin da ake sa wa sabon adireshi, galibi awa 24. Wannan jinkirin yana ba 'yan kasuwa haushi, na sani, amma shi ne ratar da mutum zai ga saƙo ya rufe asusu kafin a fita da kuɗi. A kuma sa kalmar shaida da za ta riƙa fitowa a kowane imel na gaskiya daga kamfanin.

Walat na waya a yi guda biyu masu kalmomi daban-daban, ba asusu biyu a ƙarƙashin kalmomi ɗaya ba. Ɗaya na yawo, wanda ake haɗawa da shafukan kyauta da sababbin ayyuka, ba a barin komai a ciki sai ɗan kuɗin gas, wato ladan da ake biya a kan kowace hada-hada. Ɗayan ba ya haɗuwa da kowane shafi. Dalili shi ne izinin kashewa. Idan shafi ya ce ka amince, sau da yawa izini yake nema na ɗibar USDT ɗinka (kirifton da ke bin darajar dala) ba iyaka, kuma izinin yana nan daram ko ka rufe shafin, ko ka cire haɗin. Sai an soke shi a kan bulokcen, a biya ɗan kuɗin gas. Shafin revoke.cash yana nuna izinin da walat ya bayar a Ethereum da BNB Chain da makamantansu. Idan kuwa kalmomin ne suka fita, soke izini ba ya magani, sabon walat za a buɗe a kwashe komai nan take.

Ajiya mai nauyi, wadda ba za a taɓa ba sai bayan watanni, na'ura take so, Ledger ko Trezor. A farkon 2025 ƙananansu wajen dala 80 ne, kusan naira 120,000 a canjin lokacin, kafin kuɗin kawowa. Wanda ajiyarsa ba ta wuce dala 200 ba, bai kamata ya saya ba, walat na biyun nan ya ishe shi. A saya daga kamfanin ko dillalin da ya amince da shi, ban da ta hannu. Na'urar da ta zo da kalmomi a rubuce cikin kwali tarko ce, ita da kanta ya kamata ta ƙirƙiro su a gabanka. Darasin Bybit a nan yake: allon kwamfuta da na waya suna iya yin ƙarya, ƙaramin allon na'urar shi ne abin dubawa. Idan ya nuna adireshi da adadi, a gwada su da abin da ake nufi. Idan tarin haruffa ya nuna waɗanda ba a gane ba, a fasa, komai gaggawar ciniki.

Wurin tura kuɗi akwai kuskuren da ake yawan yi. Adireshin Tron da T yake farawa, haruffa 34, na Ethereum da BNB Chain da 0x, haruffa 42, kuma USDT na kowace hanya daban yake. Mutane kan duba haruffa huɗun farko da huɗun ƙarshe su wuce. Ɓarayi sun san haka, sai su ƙera adireshi mai farko da ƙarshe irin na abokin cinikinka, su turo maka ɗan abin da bai kai komai ba don ya shiga tarihin walat ɗinka, ranar da ka kwafo daga tarihi ka tura musu. A Mayu 2024 wani ya tura WBTC (bitcoin da ke kan Ethereum) 1,155 ta wannan hanyar, kusan dala miliyan 68. Kada a kwafi adireshi daga tarihi, a duba tsakiyarsa ma, kuma babban kuɗi a fara tura dala 5 a ga ta isa.

Su kuma kalmomin, a rubuta da biro a takarda, da lambar kowace, kwafi biyu a gidaje biyu. Takarda tana da maƙiya a wurinmu, gara da ruwan damina da gobara, don haka a sa ta a leda cikin gwangwani mai murfi, ko a buga haruffan a farantin ƙarfe. Haruffa huɗun farko na kowace kalma sun isa a gane ta a jerin. Kafin a zuba kuɗi mai yawa, a tura kaɗan, a goge walat ɗin, a dawo da shi daga takardar. Kalma ɗaya da aka rubuta ba daidai ba gara a gano ta yau.

Har aka kira magariba ina kan batun da ba a cika tayarwa ba, gado. Dukiyar da ke walat haƙƙin magada ce, kuma idan mai ita ya rasu ba wanda ya san inda takardar take, ba alƙalin da zai iya fito da ita. Abin da ya fi sauƙi shi ne wasiyya a rubuce da ke faɗin akwai kirifto, a wace manhaja, da inda aka ajiye takardar, ba tare da kalmomin kansu a ciki ba, a ba amintacce ɗaya cikin iyali. Na asusun kasuwa kuwa a rubuta sunan kasuwar da imel ɗin da aka buɗe da shi, domin manyansu suna da hanyar da magada ke bi da takardar shaidar rasuwa. Gobe Juma'a za a duba watan Ramadan, kuma hada-hadar P2P za ta ƙaru saboda cefanen azumi. Mai sayarwa kada ya saki USDT don ya ga hoton rasit ko saƙon alat, sai ya buɗe manhajar bankinsa ya ga kuɗin sun zauna, kuma sunan wanda ya turo ya yi daidai da na mai saye.