Godiyar gidanmu bayan walimar Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, 'yan'uwa na Gadarif da Kasala, na Damazin da Rusairis, na Madani da Mai Wurno, da waɗanda yaƙi ya watsa Masar da Saudiyya da Najeriya.

Ni ce yayar Auta. Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi walimar buɗe tukubarsa ta agashe a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, jama'a suka cika ƙofar gida har sai da aka aro tabarmin masallaci. Maza ne suka yi jawabi a waje, mu muna ciki wajen tukwane, don haka godiyar da ke cin raina ban samu bakin faɗar ta ba. Inna ta ce in rubuta da sunanta da nawa. Auta kuma ya yarda in faɗi abin da ya same shi ba rufa-rufa, sharaɗinsa ɗaya, kada in kama sunan kowa. To duk wanda ya ga kansa a cikin wannan rubutu, da shi nake.

Mu mutanen Rusairis ne, can aka binne cibiyarmu. Kakanninmu hanyar Hajji ce ta kawo su bakin wannan kogi na Shuɗin Nilu, kamar yadda ta kawo kakannin yawancinku, wasu tun bayan yaƙin Burmi na 1903. Auta masunci ne tun yana ƙarami, a tafkin madatsar ruwan Rusairis yake jefa taru shi da amininsa, kwale-kwale ɗaya gare su. Da rikicin ƙabilanci na watan Yulin 2022 ya ɓarke a yankinmu, wanda ya ci rayuka sama da 100 cikin 'yan kwanaki, a gaban idonsa aka kashe wannan aminin nasa. Shi ya tsira da ƙafarsa. Godiyata ta farko tana ga maƙwabcinmu na can, dattijon da ba Bahaushe ba ne, wanda ya ɓoye Inna da yarana a ɗakin matarsa, ya zauna a bakin ƙofa da carbinsa yana cewa ba kowa a ciki sai iyalinsa. Baba, ban san ko wannan saƙo zai iso gare ka ba. Idan wani daga cikinku ya san inda yake yanzu, don Allah a karanta masa.

Daga nan muka koma Madani. Auta ya karɓi raksha, wato babur mai ƙafa uku, yana tuƙawa, kullum da dare yake so ya yi aiki, mu kuma muna ta yaba ƙwazonsa. Ashe barci ne ya ƙaurace masa. Da ya rufe ido sai ya ga bakin ruwan nan. Wani a tasha ya miƙa masa tiramol ya ce tana kashe gajiya, ita ke nan. Kafin dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan su shiga Madani a watan Disambar 2023 mu sake ɗaukar ƙunshinmu zuwa Gadarif, yaron da ba ya iya ɗaga ido ya kalli Inna ya zama mai daka mata tsawa, kuɗin raksha ba ya isowa gida, wayata ma ta bi.

A wata makaranta aka sauke mu da farko, iyali da yawa a aji ɗaya, zani ne labule. Samarin unguwar da suka kafa takiyya suna dafa wake da adas a manyan tukwane, ku kuka riƙe cikinmu a lokacin da ba mu da ko cokali. A harabar wannan makaranta Auta ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce farfaɗiya. Ɗaya daga cikin samarin takiyya ne ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shi wurin wata likita, ita ma 'yar gudun hijira ce irinmu, a asibitin Tijani Al-Mahi na Omdurman take aiki kafin yaƙin 15 ga Afrilun 2023 ya raba ta da gidanta.

Likita, a kanki zan daɗe. Ke ce mutum ta farko da ta kalli ƙanena ta tambaye shi me ya gani, ba me ya sha ba. Kika zaunar da mu kika yi mana bayani da Larabci mai sauƙi, ni ina mayar wa Inna da Hausa. Kika ce tiramol maganin ciwo ne dangin su mofin, ko a asibiti ba a wuce miligiram 400 a yini, shi kuwa ƙwayar da yake saya a bayan fage kowace ɗaya 225 ce, kuma ba ɗaya yake sha ba. Yawanta ne ya jawo faɗuwar nan. Kika gargaɗe mu kada mu raba shi da ita rana ɗaya, domin jikin da ya saba yana iya shiga wani hali, sai dai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan a hannun likita. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da kika ce ƙwayar rufi ce kawai, ciwon yana ƙarƙashi, idan an cire rufin ba a kula da ciwon ba, wani rufin zai nema, ko bango, wato wiwi, ko wannan ais ɗin da ke haukata samari. Ba ki taɓa karɓar ko sisinmu ba. Ranar da Inna ta ƙulla miki soyayyar gyaɗa a leda, karɓar da kika yi da hannu biyu ta fi mata komai daɗi.

Kwanakin rage maganin ba zan so wa maƙiyina su ba. Ana tsakiyar zafin bazara, shi yana cikin bargo yana karkarwa, haƙora na haɗuwa, gumi ya jiƙa katifa. Ga gudawa, ga hamma ba ƙaƙƙautawa, ƙafafunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya, ya ce kamar ana tsaga masa ƙashi. Inna tana zaune a gefen kansa da tsumma da ƙwaryar ruwa tana goge masa goshi, yana ture hannunta tana mayarwa. Da wasu dangi suka ce a bar shi duniya ta koya masa hankali, amsarta ɗaya ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Maigidana shi ya riƙa kwana a bakin ƙofa don kada ya fita cikin dare, alhali da asuba zai tafi aikin lodin buhunan riɗi da dawa a kasuwar amfanin gona. Baban yara, ba ka so a yabe ka a bainar jama'a, ka yi haƙuri da wannan karon. Ƙanen matarka ne, amma ka riƙe shi riƙon ɗan cikinka.

An ba mu shawarar a kai shi inda za a sa masa mari a ƙafa a tsare shi. Na san masu shawarar tausayinmu suke ji. Baba Liman ne ya hana. Ya ce yaron da tsoro ya riga ya ɗaure, ƙarfe ba zai kwance shi ba. Maimakon haka ya ce a riƙa turo masa shi bayan sallar Asuba, su zauna su biyu, wani lokaci karatu, wani lokaci shiru kawai da jabanar gahawa a tsakaninsu. Bai taɓa ce masa ya bar maganin asibiti ba, har tambayarsa yake ko ya je ganin likita. Da na ba likitar labari sai ta yi murmushi, ta ce Tijani Al-Mahi ɗin da aka sa wa asibitinsu sunansa, wanda shi ya fara aikin likitan ƙwaƙwalwa a Sudan, haka ya yi aikinsa, kafaɗa da kafaɗa da shehunnai da malamai, bai raina su ba. A wurin Baba Liman ne Auta ya fara ambaton sunan amininsa da bakinsa, ya yi kukan da bai yi ba tun Rusairis. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Sai maigidansa a sana'a, sarkin agashen unguwarmu. Kowa ya san agashe sana'ar gidanmu ce, har Larabawa sun shaida. Amma wa zai ɗauki yaron da gari ya riga ya sa wa suna ɗan ƙwaya ya tsayar da shi kusa da wuƙa da kuɗi? Kawu ya ɗauke shi, kuma da hikima. Da fari hura gawayi kawai ya ba shi da yankan albasa da lemun tsami. Da ya ga hannun ya daina rawa sai ya koya masa feɗe nama fale-fale, da yadda ake tsoma shi a mai a birkiɗa shi cikin garin ƙuli da yaji, da yadda ake kafa tsinke a gefen wuta ba a kanta ba don kada ƙulin ya ƙone naman bai nuna ba. Akwatin kuɗi shi ne na ƙarshe. A tsakiyar haka Auta ya zame, wani labarin rasuwa ya zo daga gida, ya ɓace ya dawo idonsa a juye. Ni kaina gwiwata ta yi sanyi a ranar. Kawu ya zo har gida, bai yi faɗa ba, ya ce masa gobe ka zo da wuri, gawayi na jiranka. Ya mayar da shi matakin farko suka sake hawa tare. Likita ma ta ce zamewa tana cikin tafiyar, ba ita ce ƙarshenta ba. Tukubar da aka buɗe ranar Juma'a, Kawu ne ya ba shi wuƙarsa ta hannu da tire biyu, ya kuma tura masa wasu daga cikin masu sayensa.

Matan adashinmu, kun bar mini kwasar da ba tawa ba don in sayi magani, wata a cikinku bikin 'yarta ta ɗaga saboda haka. Ɗan baffanmu na Jidda, kuɗin da kake turowa ta manhajar banki ta Bankak sun rufa mana asiri, kuma ban manta da watan Fabrairun 2024 ba, lokacin da aka ɗauke sadarwa, ka bi ta hannun direbobi har saƙonka ya iso. Mai shagon bakin layi da ya riƙa rubuta mana bashin sukari da gari ba tare da ya ɗaure fuska ba, sauran kuɗinka na nan tafe in Allah ya yarda.

Akwai maganar da nake so iyaye mata su ji daga bakina. Gidaje da yawa a cikinmu akwai irin Auta, samarin da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba a Wad Al-Mahi ko Madani ko Sinja, ana ɓoye su a ɗaki saboda gudun bakin mutane. Bakin mutanen nan ba ya kai kowa asibiti. Masu sayar wa yaranmu wannan guba suna cin riba da shirunmu, kuma na bar su da Allah. Wadda duk take cikin wannan hali ta zo ta same ni ko Inna, za mu raka ta wurin likita, maganarta kuma ba za ta wuce tsakaninmu ba.

Ba zan ce Auta ya warke sarai ba. Har yanzu idan salansar raksha ta yi ƙara yakan zabura, akwai daren da barci ke gagararsa, kuma yana ci gaba da zuwa ganin likita. Masu zuwa sayen nama, ina roƙonku ku yi ciniki ku yi raha da shi kamar kowa, a bar tambayar abin da ya wuce sai in shi ya ɗauko zancen. Amma yana sallah cikin jam'i, yana kawo cefane, kuma da kansa ya nemi inda mahaifiyar amininsa take a Kasala, ya je ya durƙusa gabanta ya ba ta labarin yadda ɗanta ya cika, abin da ta daɗe tana son ji ba ta samu mai faɗa mata ba. Ita ma ta zo walimar, ita ta fara sa wa tukubar albarka. Hajiya, zuwanki ya fi mana kowace gudummawa.

Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, Allah bai manta ba. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Ranar Juma'a mai zuwa bayan La'asar za a yi saukar Alƙur'ani a masallacin Baba Liman domin aminin Auta da sauran mamatanmu na Rusairis. Auta ne ya ɗauki nauyin sadakar daga cinikinsa na makon farko. Wanda yake kusa ya daure ya zo, na nesa kuma ya sa su a addu'a daga inda yake.

Wassalamu alaikum.
Yayar Auta, a madadin Inna da dukkan iyali, Gadarif.