Man ƙamshi na tsirrai ba turaren shafawa ba ne: abin da nake dubawa kafin in saya

A gidan da na tashi babu wanda ya zaunar da mu ya ce ƙamshi yana taɓa zuciya, domin abu ne da muke gani kullum. Da zarar an idar da sallar magariba, mahaifiyarmu takan ɗebi garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wutar da ta haɗa da hannunta daga itacen sandal da ƙajiji da farce, ta zagaya da shi ɗaki-ɗaki, sai ka ji hayaniyar yinin ta lafa. Saboda haka, lokacin da ƙananan kwalaben nan na tataccen man tsirrai suka fara cika shagunan kayan kwalliya da shafukan masu talla a Instagram da WhatsApp, na ɗauka tsohon abin da na sani ne ya sake riga. Fatar hannuna ce ta fara nuna mini cewa na yi kuskure.

Na sayi kwalbar man kanumfari a hannun wata mai talla, wadda ta tabbatar mini cewa tunda daga tsiro yake ba zai yi illa ba. Na ɗiga shi a wuyan hannu na murza, kamar yadda nake yi da humra. Kafin minti goma wurin ya yi jawur yana raɗaɗi, kuma sai da ya kwana huɗu kafin ya baje. Daga baya na fahimci dalili. Mafi yawan abin da ke cikin man kanumfari wani sinadari ne mai suna yujinol, wanda ƙarfinsa ya kai likitocin haƙori suna amfani da shi wajen kashe zafi, kuma idan ya taɓa fata ba a sirka shi ba yakan ƙone ta. Kanumfarin da muke jefawa a kunu ko shayi ƙwaya uku ne ko huɗu, wanda ke cikin kwalbar nan kuwa tsantsar mansa ne, ba a sirka shi da komai ba.

Wannan shi ne abin da ya kamata mai saye ya fara riƙewa. Humra da almiski da turaren kwalba an haɗa su ne domin a shafa, an riga an sassauta su da mai ko ruwa ko wani abin sirki. Tataccen man tsiro kuwa ɗanyen abu ne. Akasari ana samun sa ne ta hanyar cusa ganye ko fure ko saiwa a babbar tukunya, a tura tururi ta cikinsu, tururin ya kwashe sinadaran ƙamshin, a bi da shi ta bututu mai sanyi har ya koma ruwa, sannan man ya taso a sama a kwashe. Na dangin lemo kuwa matse ɓawon ake yi. Sana'ar tsohuwa ce: al-Kindi ya yi rubutu a kan haɗa turare da tace shi a Bagadaza tun a ƙarni na 9, kuma ana ambaton Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, cikin waɗanda suka inganta tace wardi. Sunan aromaterafi da ake yayi yanzu, wato neman sauƙi ta hanyar ƙamshi, shi ne sabo, domin wani masanin sinadarai ɗan Faransa, René-Maurice Gattefossé, ne ya yaɗa shi a 1937.

Duk wanda ya san yadda ake tace man, ya san cewa farashi ba ya ƙarya. Kafin a sami kilo ɗaya na man wardi, irin wanda ake yi a kwarin Kazanlak na Bulgeriya, ko Isparta ta Turkiyya, ko Ɗa'ifa da alhazanmu suka sani, sai an tsinke fure mai nauyin kilo 3,000 ko fiye, da hannu, da sassafe kafin rana ta ɗaga ta kwashe ƙamshin. Itacen sandal na asali, wanda yankin Maisur na Indiya ya yi suna da shi, ba ya tara mai a zuciyarsa sai ya shekara 15 ko fiye a ƙasa. Bishiyar da ake samun oud daga gare ta kuwa ta yi ƙaranci a dazuzzukan Asiya har ta shiga jerin tsirran da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ke sa ido a kan cinikinsu. Man lemon zaƙi, a ɗaya ɓangaren, yana da araha ƙwarai, domin daga ɓawon da masana'antun matse lemo ke zubarwa ake samun sa. To, idan na shiga shago na tarar an jera wardi da sandal da lemo da na'a-na'a, kwalba iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya, ba na buƙatar buɗe ko ɗaya kafin in san cewa ƙamshin haɗi ne na masana'anta. Ƙamshin haɗi ba haramun ba ne, yawancin almiskin da muke shafawa ma haka yake, kuma yana da daɗinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar mini da shi da sunan man tsiro, a kuma ce in shaƙa domin lafiya.

Bayan farashi sai takardar jikin kwalba. Abu na farko da nake nema shi ne cikakken sunan tsiron na kimiyya, domin sunan kasuwa yana ruɗarwa. Lafanda wani fure ne mai ƙamshi, kuma wadda aka fi yabawa wajen kwantar da hankali ita ce Lavandula angustifolia, amma akwai wata 'yar uwarta da ake kira labandin, mai yawan mai da araha, wadda ƙamshinta ya fi kaifi saboda sinadarin kafur da ke cikinta, kuma sau da yawa ita ake ɗurawa a kwalba a rubuta lafanda kawai. Haka nan nakan duba ƙasar da aka noma tsiron, da ɓangaren da aka tace, ganye ne ko fure ko saiwa, da ranar da aka ɗura. Kalmomin yabo da ake bugawa da manyan baƙaƙe, masu nuna cewa wai man ya kai matsayin magani, kamfanoni ne ke ƙirƙira wa kansu, babu wata hukuma da ke raba irin wannan lambar girma. Lambar NAFDAC tana da amfani, domin tana nuna cewa an yi wa kayan rajista kuma akwai wanda za a kama idan matsala ta taso, sai dai ba ita ce shaidar cewa man zai warkar da wata cuta ba.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida. A ɗiga man a farar takarda, a bar shi ya wuni. Yawancin man tsirrai na gaskiya sukan tashi su bar takardar ba maiƙo, wanda aka sirka da man girki kuwa yakan bar tabo irin na ƙosai. Gwajin bai cika ba, domin masu kauri irin su sandal da jema sukan bar alama ko da na ƙwarai ne, kuma ba ya tona asirin ƙamshin haɗi, amma ya sha kuɓutar da ni daga asara.

Wani abin da masu rubutu daga ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa dole ya dame mu, shi ne zafi. Haske da iska da zafi suna lalata waɗannan mayuka, su sauya sinadaransu, kuma man da ya lalace ya fi saurin sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Shi ya sa ake zuba su a kwalbar gilashi mai duhu, ruwan ƙasa ko shuɗiya, ba a roba ba. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, kwalbar da ta yi wata uku a bakin tagar shago tana kallon rana ta riga ta tsufa kafin a saye ta. Na dangin lemo su suka fi saurin lalacewa, ba sa wuce shekara ɗaya zuwa biyu ko da an kula da su. Ni dai ƙaramar kwalba mai mililita 10 nake saya, in rufe ta da kyau, in ajiye a ƙasan kwaba inda ya fi sanyi kuma hannun yara ba ya kaiwa.

To, me ƙamshin yake yi wa mutum a gaskiya? Hanci yana da nau'o'in ƙwayoyin karɓar ƙamshi kusan 400, kuma gano yadda suke aiki ne ya sa Linda Buck da Richard Axel suka sami kyautar Nobel a 2004. Saƙon da suke aikawa yana isa kusan kai tsaye ga sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da motsin rai, shi ya sa ƙamshin turaren wuta irin na mahaifiyarmu, ko a gidan wa na ji shi, yakan mayar da ni tsakar gidanmu nan take. Binciken da aka yi a kan lafanda da na'a-na'a da makamantansu yana nuna taimako ɗan daidai wajen rage fargaba, da sauƙaƙa shiga barci, da lafar da tashin zuciya. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga wanda ya wuni cikin gajiya, kuma ina ganin ya isa dalilin saye. Amma raina yakan ɓaci idan na ga ana tallar ɗigon mai a matsayin maganin hawan jini ko ciwon suga ko rashin haihuwa, domin wadda ta yarda da irin wannan talla tana iya ajiye maganin asibitinta, kuma abin da zai biyo baya ba mai tallar ba ce za ta ɗauka. Zazzaɓin cizon sauro gwaji yake buƙata da magani, ba ƙamshi ba.

Kwalabe huɗu kacal nake da su. Lafanda ta dare ce, ɗigo biyu a ƙyalle in ajiye kusa da matashi. Man na'a-na'a na tafiyar mota ne da ranakun da kai ya yi nauyi. Man ganyen bishiyar turare, wadda asalinta daga Ostareliya ne ko da yake ta zama 'yar gida a bakin titunanmu, shi nake ɗigawa a kwanon ruwan zafi in yi sirace, ido a rufe, idan hunturu ya toshe mini hanci. Na huɗu lemon zaƙi ne, domin ƙamshin ɗaki da safe. Ba ni da na'urar fesa ƙamshi mai aiki da lantarki, kuma ban ga ta zama dole ba. Wanda yake da ita ya kunna ta na rabin sa'a ya kashe, taga a buɗe.

Idan kuwa shafawa za a yi, sai an sirka. Ƙa'idar da aka saba ga babban mutum ita ce kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato ɗigo ɗaya ko biyu a cikin cokalin shayi guda na man sirki. A nan Allah ya hore mana, domin man kaɗanya da man riɗi da man kwakwa da man zaitun duk suna aikin, kuma man kaɗanyar da ake kaɗawa a ƙauyukanmu shi ne manyan kamfanonin kwalliya na Turai suke nema. A fara gwadawa a ɗan wuri a cikin hannu, a jira kwana guda. Ruwa ba ya sirka mai, don haka zuba ɗigon kai tsaye a bokitin wanka yana nufin zai yi ta yawo a sama da cikakken ƙarfinsa har ya sami fata. Man bagamot, wani ɗan dangin lemo, da na lemon tsami da aka matse daga ɓawo suna da wata illa ta daban: idan aka shafa aka shiga rana, wurin yakan ƙone ya bar baƙin tabo mai daɗewa, saboda haka sai an bar aƙalla sa'a 12 tsakani. A ƙasar da rana ba ta hutu, ni na zaɓi in daina shafa su gaba ɗaya.

Batun yara ne ya fi tayar mini da hankali, domin mun saba da turara ɗakin mai jego da shafe jariri da duk abin da ke da ƙamshi. Man na'a-na'a da na bishiyar turare ba a kai su kusa da fuskar jariri ko ƙaramin yaro, suna iya dagula masa numfashi, kuma ɗan kaɗan daga man bishiyar turare idan yaro ya haɗiya yana iya jefa shi cikin jijjiga da suma. Wanda hakan ta faru da ɗansa ya garzaya asibiti da kwalbar a hannu, kada a tsaya ɗura masa manja ko ƙoƙarin sa shi amai. Mai juna biyu da mai asma da mai farfaɗiya su tuntuɓi likita kafin su fara. Masu kiwon kyanwa ma su kula, hantarta ba ta iya sarrafa da yawa daga waɗannan sinadarai. Shan man kuwa, ko ɗigo ɗaya ne a ruwa ko zuma kamar yadda wasu ke koyarwa a waya, ban taɓa yi ba kuma ba na ba kowa shawarar yi.

Abin da na fi daɗewa ina tunani a kai shi ne yadda muke sayen waɗannan kwalabe daga nesa alhali dangin tsirran suna tsaye a dajinmu. Lubban da ake kawowa daga Zufar ta Oman da ƙasar Somaliya ƙaron bishiyar Boswellia ne, kuma hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, da ke tsiro a duwatsun arewacin Najeriya, ɗan wannan dangi ne, sunansa Boswellia dalzielii, ƙaronsa kuma tun kakanni ake jefa shi a wuta domin turare. Jemar da ke fadamunmu 'yar uwa ce ga ciyawar da ake tace saiwarta a Haiti da Indiya domin manyan turarukan duniya, kuma cittar kudancin Kaduna ana fitar da ita buhu-buhu zuwa ƙasashen da ke tace ta. A zuwana Kasuwar Kurmi na baya-bayan nan na sayi ƙullin ƙaron hano a hannun wani dattijo mai sayar da kayan turare. Ya ce mini, "Hajiya, ƙanƙani za ki sa, kuma ki bari garwashin ya yi toka tukuna, in ba haka ba ƙauri za ki ji." Na bi maganarsa, na ajiye kaskon kusa da ƙofa a buɗe saboda hayaƙin gawayi, kuma a daren ban buɗe kwalbar lafanda ba.