Akwatin busar da tumatir da na kai gasar ƙere-ƙere

Abin da na kai gasar akwati ne na busar da tumatir da zafin rana. Sana'ata walda, a shagon kawuna nake aiki a Kano, amma dangin mahaifiyata mutanen Kura ne, manoman rani a filayen Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya tsakanin Janairu da Maris ya ga kwandunan tumatir jibge a Kwanar Gafan, kaya ya yi yawa har wani lokaci kuɗin kwando ba ya biyan kuɗin mota. Abin da ya yi kwantai sai a yayyanka a shanya a ƙasa, ko a kan dutse, ko a bakin kwalta, a yi kauɗa. Kauɗar nan ita ke riƙe miya idan damina ta sauka tumatir ya yi tsada, amma sai uwargida ta yi ta wanki kafin yashi ya fita, wani sa'in ma haƙori ne ke ba da labarin wanda ya rage.

Akwatin ya daɗe a tsakar gidanmu yana aiki kafin in ji sanarwar gasar a rediyo. Duk wanda ya shigo ya gani sai ya ce Allah ya yi albarka, na kuwa ji daɗin addu'ar, sai dai ba ta gaya mini inda akwatin ya gaza. 'Yan uwa suna jin nauyinka. Ni kuwa ina neman idon wanda bai san ni ba, wanda zai ɗaga murfi ya leƙa ya faɗi abin da ya gani ba tare da ya duba fuskata ba. Wannan ne ya sa na karɓi fom ɗin. Kyautar da aka sa ba ta taka kara ta karya ba, ban kuma sa rai da ita sosai ba.

Bari in bayyana yadda abin yake, don sauran labarin ya zauna. Gida biyu ne. Na farko doguwar kwalla ce a kwance, an shimfiɗa kwanon rufi a cikinta an shafe shi da baƙin fenti, an rufe samanta da gilashi, an bar ƙofa a ƙasa wadda aka toshe da raga saboda ƙuda. Rana na dukan baƙin kwanon, iskar da ke tsakaninsa da gilashin ta ɗauki zafi, ta tashi sama ta shiga gida na biyu. Shi wannan a tsaye yake, da faifan raga hawa-hawa a ciki inda ake jera yankakken tumatir, da bututu a samansa wanda damshi ke fita ta ciki. Rana ba ta taɓa tumatirin kai tsaye, iska mai zafi ce kawai ke ratsa shi, shi ya sa yake bushewa da jansa. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma da hunturu rana kan karkata kudu, don haka na fuskantar da gilashin kudu, na ɗaga bayansa kamar digiri 25. A bakin bututun na ɗaura fankar tsohuwar kwamfuta mai bolt 12, na haɗa ta kai tsaye da ƙaramin farantin sola ba tare da batir ba. Idan rana ta take, fankar ta ƙara gudu ta zuƙe zafin da ya yi yawa; idan ta yi sanyi, ita ma ta lafa. Wannan ɗan haɗin shi na fi alfahari da shi a duk aikin.

Fom ɗin ya fi aikin walda ba ni wahala. Akwai gurbin da aka ce a rubuta matsalar da abin yake magancewa, wannan mai sauƙi ne. Sai wanda aka ce a kawo hujjar cewa yana aiki. A nan na gane cewa "ai kowa ya gani yana busarwa" ba amsa ba ce a gaban alƙalai. Na sayi ma'aunin zafi, na aro sikeli wajen wata maƙwabciyarmu mai sayar da gari, na buɗe littafi. Kullum da safe, da azahar, da la'asar, in rubuta zafin waje da na cikin akwati, in auna faifai ɗaya in rubuta nauyinsa. A gefe guda na shanya wani tumatirin daga kwando ɗaya a kan tabarma, yadda aka saba, ina auna shi shi ma. Tumatir kusan kashi 94 cikin 100 ruwa ne, wato kilo 10 na ɗanye bai fi giram 700 zai bari ba idan ya bushe sosai. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka akwatin ne ke cinye masa kaya. Zafin da ake so a ciki tsakanin digiri 50 ne da 60. Idan ya haura 70, bayan yankan ya ƙanƙame ya yi duhu alhali cikinsa da sauran ruwa, daga baya ya yi fumfuna a buhu. A littafina, na akwati kan bushe a kwana biyu zuwa uku, na tabarma kuwa ya kai biyar ko fiye, gwargwadon kaurin yanka da ƙarfin hazo.

Na yi wa kaina doka ɗaya: ba zan rubuta adadin da ba ya cikin littafin ba. Na tuna da baje kolin Maker Faire Africa da aka yi a Legas a 2012, inda wasu 'yan mata huɗu 'yan makaranta suka nuna janareta mai amfani da fitsari, aka yaɗa cewa lita ɗaya na ba da wuta ta awa shida. Labarin ya zaga duniya, kuma 'yan matan sun cancanci yabo bisa ƙoƙarinsu, amma nan da nan injiniyoyi suka fara tambayar yawan wutar da ake kashewa kafin a raba iskar haidirojin, wadda ita ce man janaretan, daga fitsarin. Fita bainar jama'a ke nan: yadda sunanka zai yi nisa, haka adadin da ka faɗa zai yi nisa, kuma akwai masu biro da takarda suna jira.

Kawu bai so tafiyar ba da farko. "Kai yaro ne," in ji shi. "Ka kai abinka cikin mutane, gobe ka gan shi a kasuwar Ƙofar Ruwa ana sayarwa, ba ko sisinka." Tsoron nan ba na banza ba ne, kuma duk mai shirin shiga gasa ya kamata ya tsaya a kansa kafin ranar. A dokar Najeriya ta haƙƙin ƙirƙira, wadda aka yi a 1970, abin da ka riga ka baje wa jama'a ya daina zama sabo, ba za a yi maka rajistarsa ba, sai fa idan a baje kolin ƙasa da ƙasa ne wanda hukuma ta amince da shi, shi ma sai ka shigar da takardunka cikin wata shida. Wanda yake da sabuwar dabara ta gaske, ya fara neman rajista tukuna. Hukumar NOTAP a Abuja tana taimaka wa masu ƙirƙira a kan haka, kuma kariyar kan kai shekara 20. Amma ni na san akwatina ba sabon abu ba ne a duniya. An daɗe ana ƙera irinsa. Abin da yake nawa shi ne na yi shi da kayan da ake samu a kasuwar garinmu, kan kuɗin da ɗan ƙauye zai iya tunaninsa. Na ce, "Kawu, ka tuna Malam Muhammad Bah Abba na Dutse? Tukunya ya saka a cikin tukunya, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani, yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya riƙa kai kwana 27. Da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina 5,000 ya raba a ƙauyukan Jigawa. Bai ɓoye ba, kuma a 2000 aka ba shi kyautar Rolex ta dala 75,000." Kawu ya yi shiru, can ya ce in ɗauko ƙarfen da ke bayan shago mu sake ƙafafun, waɗannan ba za su jure hanya ba.

Shi ne ma ya kawo shawarar a raba akwatin biyu, a haɗa da noti maimakon walda, yadda zai shiga bayan a-kori-kura a kuma ɗaure shi cikin ɗan lokaci da sifana ɗaya. Gilashin muka naɗe da tsohon bargo.

Wani abin da na yi, wanda nake ba kowa shawara a kai, shi ne na je na ga wurin tun kafin ranar. Babban ɗakin taro ne mai rufi, ba inda rana za ta shigo. Na'urar rana a inuwa kuwa ba ta da bambanci da kabad. Na roƙi masu shirin su ba ni teburi kusa da ƙofa, akwatin ya zauna a waje inda zan riƙa hango shi, suka yarda. Tun da sassafe na cika shi da ɗanyen tumatir, don duk wanda ya sa hannu a bakin bututun ya ji iska mai ɗumi da damshi tana fita. A kan teburin na ajiye faranti biyu, ɗaya kauɗar akwati, ɗaya ta tabarma, da kofin gilashi biyu da na jiƙa kowace a ciki. A gindin kofi ɗaya yashi ya kwanta, ɗayan ruwan ya yi ja garau. Gani ya kori ji. Kofunan nan biyu sun yi mini rabin magana.

Sauran rabin kuwa a gaban Inna na koye shi. Minti biyu aka ba kowa. Na yi ta maimaita bayanin a gabanta tana tsince shinkafa, duk inda ta ɗago kai ta ce "me ke nan?", sai in cire kalmar in nemi wata. Da ta daina ɗagowa, na san ya yi. Na kuma buga takarda shafi ɗaya, Hausa a gaba, Turanci a baya, da zanen akwatin da jerin kayan da aka yi shi da su. Na ajiye wani littafin daban da biro, don in rubuta duk abin da aka ce mini, mai daɗi da marar daɗi.

Alƙalai uku ne suka zo kaina. Ɗaya malama ce a fannin abinci. Ta zaro faifai ɗaya, ta juya shi, ta goga yatsa a jikin ragar, ta nuna mini wani fari-fari da ya fito. Ta ce ragar mai shafen tutiya ce, tsamin tumatir yana cin ta, abin da ya ci kuwa cikin miya zai ƙare. In nemi ragar roba wadda aka yi don abinci, ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Na biyun injiniya ne, ya daɗe a kan littafin awo yana bin layi da yatsa. Ya lura faifan ƙasa na riga na sama bushewa da kusan yini guda, ya ce ko dai a riƙa sauya musu gurbi da azahar, ko a faɗaɗa bututun. Ya kuma tambaye ni ko ina rufe ƙofofin iska da dare, don raɓar asuba na iya mayar da damshin da rana ta cire. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina rufewa, amma ban rubuta a takardar ba." Ya ce in rubuta, don wanda zai saya ba zai same ni a gefensa ba.

Maganar da ta fi zauna mini ba daga teburin alƙalai ta fito ba. Wata Hajiya ce, mai sarin kauɗa tana kai wa kudu, ta zo rako ɗanta. Ta ɗauki yanki ɗaya daga farantin akwati, ta karya, ta sansana, ta ɗanɗana a bakin harshe. Ta ce, "Ɗana, wannan kaya ne. In ka kawo mini irinsa buhu-buhu, zan ba ka kuɗin da ya fi na kasuwa. To amma akwatin nan kwando nawa yake ci?" Na ce bai cika ɗaya ba. Ta ce, "Manomin da nake saye a wajensa, ranar da kasuwa ta faɗi kwando talatin yake kwana da su. Wa ka yi wa wannan, shi ko matarsa?" Na tsaya ban amsa ba, don tambayar ta raba mini abin gida biyu. A girmansa na yanzu, akwatin na mace ne mai sana'a a gida, wadda za ta sayi kwando ɗaya da araha ta busar, ta ƙulla a leda mai tsabta ta sayar da damina. Manomi kuwa abin da yake bukata dogon rami ne na leda, wato doguwar rumfar busarwa, a bakin gona, mai cin kaya da yawa lokaci guda, kuma wannan wani aikin ne daban. Ta ƙara da cewa in gwada tattasai da attarugu da kuɓewa, don kada akwatin ya zauna banza wata tara a shekara.

Ban zo na ɗaya ba. Wani matashi da ya ƙera injin ɓarar gyaɗa mai aiki da feda ne ya ɗauka, kuma ya cancanta. Na juya fedar da kaina, na ga yadda gyaɗar ke fita ba ta farfashe ba. Ni takardar yabo aka ba ni. Amma takardun da na buga sun ƙare tun kafin la'asar, wani ɗan jarida ya yi hira da ni ta 'yan mintoci, kuma daga cikin masu kira bayan haka akwai wata ƙungiyar mata da ta ce in ƙera musu guda biyu su gwada.

Waɗannan biyun na yi su da ragar roba, da faffaɗan bututu, da lamba a jikin kowane faifai don a san wanda za a mayar sama da azahar. A jikin ƙofar na rubuta da fenti cewa a goge gilashi kowace safiya saboda ƙurar hunturu, a rufe ƙofofin iska da magariba. Na ba su littafin awo irin nawa, na roƙe su su riƙa rubuta abin da ya ba su haushi a shafin baya. Ramin leda na manoma kuwa mun auna fili a gonar wani kawun nawa a Kura, za mu fara kafa shi idan tumatirin bana ya fara nuna.