Liƙa Ƙananan Kayan Lantarki a Saman Allo a Gida

Mutane da yawa suna ɗauka cewa sai masana'anta ce ke iya liƙa ƙananan kayan nan da ake ɗorawa a saman allon lantarki ba tare da huda shi ba, alhali duk mai haƙuri da matsefata mai kaifin baki zai iya yi a ɗakinsa. Shi allon, a kan zana hanyoyinsa da manhajar KiCad, a buga a firintar leza, a manna zanen a kan jan ƙarfen da ke shimfiɗe a fuskar allon da dutsen guga, sannan a tsoma shi cikin sinadarin ferik kulorayid ya cinye wuraren da tawada ba ta rufe ba.

A wurin liƙawa ne aikin yake. Ina ba mai koyo shawara ya fara da kaya mai girman da ake kira 0805, wato milimita 2 a tsawo da 1.25 a faɗi, domin ido yana ganinsa sosai. A fara ɗiga dalma kaɗan a gurbi ɗaya na inda kayan zai zauna a kan allon, a riƙe kayan da matsefata, a narkar da dalmar da ƙarfen liƙi mai zafi har ya zauna daidai, daga nan a koma ɗaya gefen. Dalmar da aka haɗa da kuza kashi 63 tana narkewa a digiri 183 a ma'aunin Celsius, amma irin haɗin liƙin da babu dalma mai guba a cikinsa sai ya kai wajen 217, saboda haka ya fi wuyar sha'ani ga sabon hannu. Kada a yi rowar man fulas, domin shi ne ke wanke tsatsa har dalmar ta kwanta, kuma a buɗe taga saboda hayaƙinsa yana cutar da ƙirji.